Hilux Ma Tana Kafewa a Yashi

Jama'ar Kubwa, damina ta kankama, ruwa ya tara yashi a hanyoyin Byazhin da bakin kogin Usuma. Muna ganin masu Hilux suna ɗaura tirela, wani har da kwalekwale, su afka ciki, wai fowil ba ta kafewa.

Tana kafewa. Tayoyin motar kaɗai injin ke juyawa. Na tirela nutsewa suke, su riƙe ta.

Shawararmu: a fara taka wurin da ƙafa, a rage iskar taya, a sa giyar 4L, a tafi ba tsayawa. In ta kafe, a kwance tirelar tukuna. Kada a ɗaura igiya a ƙwallon jan tirela, yakan ɓalle ya hallaka mutum. A janye yara daga wurin.

Allah Ya tsare.

Sakataren ƙungiya