Ƙafa Ta Fi Mota Sanin Gari

Gab da hutun da ya wuce na kawo wa abokan karatuna shawarar mu je Kano yawon buɗe ido na kwana biyu. Ban rufe baki ba sai wani ya ce, "Da motar wa?" Da na ce motar haya za ta kai mu, saura kuwa mu taka da ƙafa, sai aka bushe da dariya, aka ce a bari sai an gama karatu, an kama aiki, an sami abin hawa. Wannan dariya ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin ina ganin ta tona wata cuta da ke jikin yawancinmu 'yan boko, watau ɗaukar tafiyar ƙasa a kan ƙasƙanci.

Marigayi Alhaji Abubakar Imam ya je Ingila a 1943, ya komo ya rubuta littafin da ya kira Tafiya Mabuɗin Ilmi. Shi teku ya ƙetare. Mu kuwa abin da ke tsakanin Zariya da Kano bai fi wajen kilomita 150 ba, amma akwai ɗalibin da zai yi shekara huɗu yana karanta labarin Sarki Muhammadu Rumfa don jarrabawa, bai taɓa tsayawa a ƙofar gidan Rumfa ba. Ra'ayina shi ne, wanda ba shi da mota ya fi mai mota damar sanin birni irin Kano, domin tun asali don ƙafar mutum da kofaton jaki aka tsara lungunansa. Mai mota titi yake gani da bayan motar da ke gabansa. Mai ƙafa shi ke jin ƙarar bugu daga karofi, ya shaƙi ƙamshin gurasa daga tanderu, ya gaisa da dattijo a bakin zaure.

Ga yadda mu uku da muka ƙi jin dariyar muka tsara tafiyarmu. Uku ɗin ma da gangan ne, gama shi ne adadin da ke cika kujerar bayan adaidaita sahu, wadda ta zama abin hawan talaka a Kano tun da aka hana acaɓa a 2013. Ran Asabar da sassafe muka shiga mota a Kwangila, kowa da 'yar jaka guda da gorar ruwa, hantsi bai gama dubar ludayi ba muna tashar Unguwa Uku. Daga nan adaidaita ta sauke mu a Ƙofar Nassarawa, muka sallame ta.

Zangon farko Gidan Makama, wanda ake danganta gininsa da Rumfa tun kafin ya hau sarauta a 1463, yanzu kuma gidan adana kayan tarihi ne. Ya kamata a fara da shi, domin abin da aka ji a ɗakunansa shi zai zama fitila a sauran tafiyar. Ana fitowa ga Ƙofar Kudu ta fadar Sarki, a kewaya kuma ga Babban Masallaci. Daga masallacin, titi ɗaya ne ya miƙe gabas zuwa marinar Ƙofar Mata, inda har yau ake rini da baba da toka a cikin ramuka. Baturen nan ɗan yawon duniya Heinrich Barth, wanda ya iso Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da aka saƙa aka rina a ƙasar Kano suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus. Sai ka tsaya ka ga marini yana tsoma ƙyalle yana tsamowa, launi yana juyewa daga kore zuwa shuɗi da iska ta buge shi, sa'an nan za ka gane irin wahalar da ke bayan wannan ciniki.

Bayan sallar Azahar muka faɗa Kasuwar Kurmi, wadda ita ma Rumfa ya kafa. A nan ko sarkin 'yan mota dole ya sauko, don wasu layukan mutum biyu ba sa jerawa. Baƙo ko da ido makaho ne, amma matambayi ba ya ɓata: dukawa suka nuna mana 'yan sirdi, 'yan sirdi suka nuna mana masu littattafan ajami. La'asar sakaliya muka hau Dutsen Dala, mazaunin Barbushe a cikin tarihin Kano, inda shi ma Barth ya hau ya zana hoton birnin. Daga ƙwanƙolinsa ana ganin Gwauron Dutse da hasumiyoyin masallaci da gari shimfiɗe ta kowace fuska. Kashegari muka ziyarci Gidan Ɗan Hausa a Nassarawa, mazaunin Hanns Vischer wanda ya buɗe makarantar boko a unguwar a 1909, muka ratsa Kantin Kwari, muka kamo hanyar gida kafin magariba.

Batun abinci kuwa, ƙa'idarmu guda ce: a ci inda 'yan gari suka yi cincirindo, a kuma ci abin da aka sauke daga wuta a gaban ido. Da safe koko da ƙosai. Da rana gurasa bandashe a wajen Jakara, wadda aka jiƙa aka barbaɗe da garin ƙuliƙuli da mai da albasa, a bi ta da fura da nono. Da dare tsire. Alkaki kuma shi ne tsarabar 'yan ɗaki. Kwana muka yi wurin 'yan'uwa ɗalibai, saboda haka mafi yawan abin da muka kashe kuɗin mota ne.

Na san za a kawo mini hujjoji. Za a ce rana. Gaskiya ne, zafin bazara a Kano yakan haura digiri 40, shi ya sa ya fi kyau a je da kaka, bayan ruwa ya ɗauke, kafin hazon hunturu ya rufe gari, a kuma huta tsakar rana. Za a ce tsaro. Wannan ma abin dubawa ne: a yi tafiya a ƙungiya, a sanar da na gida inda aka nufa, a ɓoye waya a cikin cunkoso, a koma masauki da isha'i. 'Yan'uwanmu mata ma suna iya yin wannan tafiya a ƙungiyarsu, da sutura ta kamala irin wadda birni ya saba da ita. Kowa kuma ya nemi izni kafin ya ɗauki hoton mutum ko sana'arsa. Hujjar da ba a furtawa ita ce girman kai, ita kuwa ba ni da maganinta sai kunya.

Abin da ya fi damuna ya wuce nishaɗi. Ganuwar Kano, wadda tarihi ya ce Sarki Gijimasu ya fara ta a tsakanin 1095 da 1134, tana cikin jerin wuraren da Nijeriya ta miƙa wa hukumar UNESCO tun 2007 don a duba yiwuwar sa su cikin kayan gadon duniya. Duk da haka mun ga inda ta zaizaye ta koma tudu, mun ga inda aka yanke ta aka kafa shaguna. Kududdufan da magabata suka haƙa don ƙasar gini, waɗanda ke shanye ruwan damina, da yawa an cike su an yi gini, ruwa kuwa ba ya mance hanyarsa. Irin wannan aiki da takarda ake fara shi, takardar kuma ɗan boko ne ke sa mata hannu. Gobe mu ne a kan waɗannan kujeru. Ma'aikacin da bai san unguwa ba sai ta gilashin mota, da wuya hannunsa ya yi rawa ran da aka kawo masa takardar rushe ta.

Saboda haka ina kira ga Ƙungiyar Ɗalibai ta riƙa shirya irin wannan tafiya ko da sau ɗaya a zango, zuwa Kano ko Katsina ko Sakkwato, a fara ma da birnin Zazzau da ke gefenmu. Ku kuma ƙananan ma'aikata masu tara kuɗin mota, Allah ya cika muku buri, amma kafin makulli ya zo hannu ku ba ƙafafunku Asabar guda. Gani ya kori ji. Allah ya kai mu lafiya, ya komo da mu lafiya, amin.