Martani: Rabin Tanki Ba Tsimin Mai Ba Ne

Malam, na karanta rubutunka inda ka shawarci direbobi su daina cika tanki, wai nauyin man ne ke sa mota shan mai. Ina ganin girmanka, amma wannan shawara ɓatar da jama'a ce.

Mu yi lissafi. Litar fetur nauyinta kusan giram 740 ne. Tanki mai lita 50 in ya cika, kilo 37 ke nan. Wanda ya tsaya a rabi bai rage ko kilo 20 ba, a motar da ta haura kilo 1,200. Buhun shinkafa guda a but ya ninka wannan. Ina tsimin yake?

Abin da ka ƙi faɗa shi ya fi damuna. A yawancin motocin yau famfon mai a cikin tanki yake, kuma man ne ke sanyaya shi. Duk wanda ya ɗauki maganarka har ya saba yawo allurar mai na ƙasa, famfonsa zai riƙa zuƙar iska, ya yi zafi, ya mutu da wuri. Garin neman gira a rasa ido!

Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ke neman sauƙi, don haka a faɗa wa mutane gaskiya. Mai yana tafiya ne a tayar da ba iska, da gudun wuce kima, da fizga da birkin ba gaira ba dalili, da barin inji a kunne ana hira. Nan ya kamata alƙalaminka ya dosa.