Me ya sa ya kamata kowane gida ya ajiye wa tsuntsaye kaskon ruwa?

Daga tsakiyar watan Maris zuwa saukar ruwan farko, ma'aunin zafi a Kano da Sakkwato da Maiduguri kan haura digiri 40. Kududdufai sun ƙafe, ciyawa ta bushe, kuma ba mutane kaɗai ke jin jiki ba.

Tsuntsu ba ya gumi. Haki ne hanyar da yake rage zafin jikinsa, hakin kuma yana ƙarar masa da ruwan jiki. Masu cin tsaba irin su kurciya da gwara busasshen abinci suke ci, don haka sai sun sha ruwa kusan kullum.

Abin da zai cece su bai kai kuɗin katin waya ba: tsohon kasko, ruwa kofi biyu da ɗan tsaki. Gidan da ya ɗauki wannan ɗabi'a kuwa, ribar da zai samu ba ta gaza ta tsuntsun ba.

Tsakar gida ta daɗe tana ciyar da su

A gidan Bahaushe na da, ba a ware wa tsuntsaye abinci da suna, amma ba su rasa ba. A tsakar gida ake surfe, a nan ake daka da bakace da tankaɗe, abin da ya zube kuma rabonsu ne. Gindin randa ba ya bushewa, haka wurin wanke-wanke. Akwai darbejiya ko mangwaro ko zogale, ga rufin ciyawa da ramukan katangar ƙasa inda ake sheƙa.

Yanzu hatsi injin niƙa ake kai shi, ko a sayo gari a leda. An shimfiɗe tsakar gida da siminti ko intalok. Bishiyar da kaka ya dasa an sare ta don a fitar da shagon haya, maganin feshi kuma ya rage ƙwarin da tsuntsaye ke ciyar da 'ya'yansu da shi.

Babu wanda ya yi niyyar korar tsuntsu. Kowane sauyi da dalilinsa, wasu ma ci gaba ne. Sai dai idan aka haɗa su, sakamakon shi ne unguwannin da asubahinsu babu abin da ake ji sai janareta.

Irin wannan rashi a hankali yake zuwa, shi ya sa ba a lura. Ungulu ta isa misali. Duk wanda ya haura shekara 40 ya san lokacin da ba a raba ta da mahauta da rufin kasuwa. A 2015 ƙungiyar IUCN, mai kula da jerin halittun da ke cikin haɗari a duniya, ta sanya irin ungulun da aka saba gani a garuruwan Afirka ta Yamma cikin waɗanda ke dab da ƙarewa. Guba da cinikin sassan jikinta don haɗa magani na cikin manyan dalilai. Ta ɓace daga garuruwa da dama, kuma mutane kaɗan ne za su iya faɗin shekarar da suka yi mata ganin ƙarshe.

Abin da ake gani idan aka zauna

Tsuntsaye kan ɗauki 'yan kwanaki kafin su amince da sabon kasko. Da zarar sun saba, za su riƙa zuwa a kan lokaci, da hantsi da kuma la'asar sakaliya.

Daga nan kallo ya fara. Gwara kan ɗebi ruwa ta ɗaga kai sama kafin ta haɗiye. Kurciya kuwa tsoma baki take yi ta zuƙa ba tare da ɗagowa ba, baiwar da dangin tattabara ke da ita. Ƙwai biyu take yi, kuma uwa da uba duka suna ciyar da 'ya'yan da wani farin ruwa mai kauri da ke fitowa daga maƙoshinsu.

Idan akwai bishiya kusa, da damina za a iya ganin kabare, tsuntsun nan mai ruwan ɗorawa da ke saƙa sheƙa. Namijin ne ke saƙar, ya rataya a ƙasanta yana kaɗa fukafukai, macen ta zo ta duba. Idan ba ta yi mata ba, yakan warware ya sake sabuwa.

Akwai kuma ɗan jan tsuntsun nan marar tsoro da ke shiga har ɗakin girki, wanda wasu ke kira ba'u. Wani ɗan baƙin tsuntsu mai sheƙi ba ya wahalar yin sheƙa, a tasa yake zuba ƙwai. Ɗan da aka ƙyanƙyashe yana da zanen cikin baki irin na 'ya'yan mai gida, don haka ake ciyar da su tare. Idan namiji ne, da ya girma kukan wanda ya rene shi yake kwaikwaya, macen kuma da wannan kukan take zaɓen miji. Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Wannan dai na gidan riƙo yake yi.

Kaskon ba tsuntsaye kaɗai yake tarawa ba. Ƙudan zuma kan zo sha da rana. Jan gwada kan tsaya a kan katanga yana gyaɗa kai yana tsintar tururuwa. Inda gida ke gefen gari, da dare bushiya da kwaɗo kan leƙo, kuma dukansu ƙwari suke ci.

Duk wannan ba ya buƙatar data ko wutar lantarki. Tsohon da ƙafa ta hana shi fita, da matar da ke wuni a gida, da yaron da ya dawo daga makaranta, kowa na iya zama ya kalla.

Masana ma sun auna amfanin hakan. A 2022 masu bincike na King's College da ke Landan sun wallafa sakamakon wani nazari da ya ƙunshi mutum 1,292. Wata manhaja ce a wayoyinsu ke tambayarsu sau uku a rana ko suna gani ko jin tsuntsaye, da kuma yadda suke ji a ransu. An gano cewa lokutan da suka gani ko suka ji tsuntsu sun fi samun natsuwa, natsuwar kan ɗauki sa'o'i, har ga masu fama da ciwon damuwa. Wannan ba ya maye gurbin likita, amma a zamanin da tsadar rayuwa ta hana mutane barci, abin da ke sanyaya rai kyauta bai kamata a raina shi ba.

Kallon da ya zama ƙidaya

A Birtaniya an mayar da wannan nishaɗi aikin kimiyya. Tun 1979 ƙungiyar kare tsuntsaye ta RSPB ke shirya ƙidaya a ƙarshen watan Janairu. Mutum zai zauna sa'a ɗaya a bayan gidansa, ya rubuta tsuntsayen da suka sauka, ya aika. Da yara aka fara, yanzu sama da mutum rabin miliyan ke shiga duk shekara. Ƙidayar ta nuna cewa ɗan'uwan gwara na ƙasar ya ragu da fiye da rabi tun da aka fara.

Wata ƙidayar ta 'yan sa-kai ta taɓa bayyana abin da ya shafi wannan yanki kai tsaye. A 1969 an lura cewa fiye da rabin wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, wanda ke barin Turai ya yi hunturu a yankin Sahel, bai koma Birtaniya ba. Da aka bi diddigi, fari ne a Sahel ya kashe su. Tsuntsayen sun ba da labarin farin shekaru kafin yunwar 1973 ta ja hankalin duniya.

Najeriya na da nau'in tsuntsaye sama da 900, kuma ƙofar irin wannan aiki a buɗe take. Cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Laminga kusa da Jos, wadda aka kafa a 2001 tare da Jami'ar Jos, ta ƙaddamar da shirin zana taswirar tsuntsayen ƙasar a ƙarshen 2015. An yanka ƙasar gida-gida, kowane yanki kimanin kilomita 9 tsawo da faɗi, 'yan sa-kai kuma na shigar da abin da suka gani ta manhajar BirdLasser. Tsakar gida a Gusau ko Azare ma tana cikin ɗaya daga waɗannan yankuna.

Ƙorafe-ƙorafen da ke da hujja

Wani zai ce mutane ba su ƙoshi ba, ina batun tsuntsu? Gaskiya ne, kuma babu wanda zai nemi magidanci ya ɗebi kwanon gero ya watsa a ƙasa. Ruwa ne kan gaba, musamman da bazara. Abinci kuwa abin da ya rage a faifai bayan bakace, ko sharar gindin buhu, ya wadatar.

Manomi kuma zai ce tsuntsu abokin gaba ne. Wanda jan baki ya taɓa sauka a gonar shinkafarsa a Kebbi ko Jigawa ko Yobe yana da dalilin faɗin haka. Sai dai jan baki tsuntsun daji da fadama ne, yana tafiya dubbai a garke, kuma ruwan sama da tsabar ciyawar daji ne ke ƙayyade yawansa. Kaskon cikin gari ba ya ƙara shi. Gidan da ke maƙwabtaka da gona zai iya tsayawa a kan ruwa kaɗai. Da damina ma, lokacin da ƙwari da tsaba suka wadata, babu buƙatar a zuba komai.

Ƙorafi na uku shi ne mafi nauyi, wato cuta. A nan ma Birtaniya ce darasi. Daga 2005 wata cuta da ke toshe maƙogwaro ta ɓulla a jikin wani koren tsuntsu dangin kanari. Wanda ya kamu ba ya iya haɗiya, sai ya dawo da abincin da yawunsa a wurin da sauran ke ci da sha. Yawan wannan tsuntsu ya faɗi da sama da kashi 60 cikin 100, kuma a 2021 aka sanya shi cikin jerin waɗanda ake matuƙar fargaba a kansu. Mutanen da suka fi ƙaunarsa ne suka taimaka wajen yaɗa cutar ba da saninsu ba.

Ƙwayar cutar daɗaɗɗiya ce a jikin tattabaru da kurciyoyi, don haka gargaɗin ya shafi duk inda ake kiwon tattabara. Abin sauƙin shi ne ba ta jure bushewa. A zubar da ruwan jiya kullum, a wanke kaskon, a bar shi ya bushe a rana. Mai kasko biyu sai ya riƙa musanya su. Wannan sauyin ruwa na kullum shi ne kuma maganin sauro, domin ƙwansa na buƙatar kimanin mako guda a ruwan da ke kwance kafin ya tashi.

Masu kaji su ƙara kula. A gonar kaji da ke Jaji a Jihar Kaduna aka fara tabbatar da murar tsuntsaye mai tsanani a Najeriya a 2006, kuma cutar ba ta daina dawowa ba. Kaskon tsuntsayen waje ya yi nesa da akurki, kada su haɗa mazubi da kaji, kuma kada yara su ɗauki mataccen tsuntsu da hannu.

Yadda za a fara

Kaskon ya zama marar zurfi, kada ruwan ya wuce gaɓar yatsa biyu. A jefa 'yan duwatsu a ciki domin ƙananan tsuntsaye da ƙudan zuma su sami wurin tsayawa. A ajiye shi a inuwa, a ɗan ɗaga shi daga ƙasa, nesa da lungun da kyanwa za ta laɓe.

Abinci a zuba kaɗan da safe, daidai wanda zai ƙare kafin azahar, don kada ya gayyato ɓeraye. Ban da abin da ya yi fumfuna, ban da ragowar tuwo da miya mai gishiri da mai.

Abin da ya fi kowane kasko shi ne bishiya. Mai gini ya bar ko da taku biyu na ƙasa ba siminti, ya dasa zogale ko gwaiba ko lemun tsami. Hukumomin tsara birane da ke amincewa da zanen gida su riƙa tambayar inda bishiya za ta tsaya, kamar yadda suke tambayar inda masai zai kasance.

Iyaye da malamai kuma suna da nasu aikin. Yaron da ke yawo da danƙo ya fi kowa sanin inda kurciya ke sheƙa da lokacin da take saukowa sha. Wannan ilimi ne, abin da ya rage a ba shi littafi da biro. Makarantar firamare za ta iya ajiye kasko a gindin bishiya, 'yan aji su riƙa karɓa-karɓar wanke shi, su rubuta abin da ya zo da kuma ranar da shamuwa ta fara sauka a garin kowace shekara.

Kakanni sun san zuwan shamuwa alamar damina ce, amma ba su bar lissafin ranakun a rubuce ba. Da a ce an yi wa ungulu irin wannan rubutu shekara 30 da suka wuce, da an ga raguwarta tun da sauran lokacin yin wani abu. Kurciya da gwara da ba'u suna nan tukuna, kuma bazarar bana ta isa a fara.