Maigida, Tsaya Kafin Ka Sayi Maganin Ƙarfi

Idan an gama yankan riɗi a Simsim, kuɗi suka shiga aljihu, sai masu tallan magani su fito. Ranar kasuwa za ka ga mutum ya shimfiɗa tabarma, ga kwalaben zuma, ga garin saiwa, ga kuma ƙwaya shuɗiya an ɓoye a ƙarƙashin tsumma. Yawancin masu sayen ba samari ba ne. Magidanta ne irinka, masu shekara 15 ko 20 da aure, waɗanda suka ga shimfiɗarsu ta yi sanyi, kunya kuma ta hana su gaya wa kowa. A ganina kuɗin nan asara ne. Abin da ke rage daɗin kwanciyar aure tsakanin waɗanda suka daɗe tare, da wuya a sami maganinsa a kwalba.

Fara da duban jikinka. Riɗi ba ya jira, in ya nuna sai a yanke shi cikin 'yan kwanaki, in ba haka ba ya zube. Ka yi makonni a gona kana sunkuye tun asuba, abinci ba isasshe ba, wataƙila zazzaɓi ya taɓa ka. Da an gama sai girbin dawa ya biyo. Mutumin da ya dawo gida haka, in jikinsa bai amsa ba, gajiya ce, ba jifa aka yi masa ba. Shekaru ma suna da nasu rabo. Namiji mai shekara 50 yana bukatar lokaci fiye da yadda ya bukata yana ango, yana kuma daɗewa kafin ya iya komawa. Wannan ba ciwo ba ne.

Amma in abin ya kai wata 3 yana maimaituwa, ko da ka huta, to kada ka ɗora wa basir ko sanyi ka zauna. Jini ne ke tayar da gaban namiji, jijiyoyin wurin kuwa ƙanana ne, su ne kan riga toshewa. Ciwon sukari da hawan jini suna lalata su a hankali, haka ma sigari da tumbak ɗin da ake cusawa a leɓe. Kusan rabin mazan da ke da ciwon sukari suna fama da wannan rauni. Sau da yawa shi ne ke fara nuna cewa zuciya tana cikin haɗari, shekaru kafin ƙirji ya fara ciwo. Saboda haka ka zo a auna jininka da sukarinka. In kana shan maganin hawan jini ka ga abin ya soma bayan ka fara sha, kada ka daina da kanka, ka faɗa, ana iya sauya maka wani.

Ita ƙwayar nan, Viagra, ta fito a Amurka a 1998. Magani ne na gaske, likita yana rubuta wa wanda ya dace. Jijiya take buɗewa, ba ta sa sha'awa. Mai shan maganin ciwon ƙirji, irin wanda ake sawa a ƙarƙashin harshe, in ya haɗa su jininsa na iya faɗuwa ya mutu. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta sha gano an zuba sinadarin ƙwayar nan a cikin zumar da ake sayarwa da sunan maganin gargajiya. Mai tabarma ba zai tambaye ka lafiyar zuciyarka ba. Wani kuma yakan ce maganin abin ƙarin aure ne. Ciwon sukari zai bi ka har ɗakin amarya.

Yanzu ga maganar da ta fi damuna. Maza da yawa sukan ce, "Uwar yaran nan ta daina kula ni." Ka taɓa tambayarta ko tana jin zafi? Mace ba ta ɗokin abin da ke yi mata ciwo. In tana shayarwa gabanta kan bushe. In jinin al'ada ya ɗauke, wanda yakan faru tsakanin shekara 45 da 55, bushewar takan ƙaru, fatar wurin ta yi laushi har ta tsage. Wadda aka yi wa ɗinki a haihuwa tana iya daɗewa da tabo mai zafi. Tsargiya, wadda ake ɗauka a ruwan tafki, ba fitsarin jini kaɗai take sawa ba, tana yi wa mace rauni a ciki, ta riƙa jin zafi ko ganin jini bayan saduwa. Duk waɗannan ana taimaka musu. Akwai man santsi mai ruwa da ake samu a kantin magani, akwai man shafawa da likita ke rubuta wa wadda al'adarta ta ɗauke, tsargiya kuma tana da ƙwayarta.

Sai kaciyar mata, wadda ake ɗinke gaba. Ba al'adar da kakanni suka zo da ita daga ƙasar Hausa ba ce, amma zama wuri ɗaya da auratayya sun shigar da ita wasu gidaje. Tun 2020 dokar Sudan ta mai da ita laifi, hukuncinta har ɗaurin shekara 3. Maigida, in ungozoma ta ce za ta sake ɗinke maka matarka bayan haihuwa don ka ji daɗi, ka ƙi. Daɗin da aka gina a kan kukan mace ba ya zama. Wadda aka riga aka ɗinke, ana iya buɗe ta a asibiti.

Ke ma uwargida, ga taki. Dukhan da dilka da humra ba na kushe su, ƙamshi gyaran aure ne, in dai hayaƙin bai yi zafin ƙona fata ba. Abin da nake roƙonki ki bari shi ne matsi, wato cusa alif ko kanwa ko garin da ba ki san asalinsa ba. Busar da ke suke yi, su ci fata, su buɗe wa cuta ƙofa. Danshin da jikinki ke kawowa alamar lafiya ce. In kuwa kin ga jini bayan saduwa, ko bayan al'ada ta riga ta ɗauke, kada ki jira damina ta wuce. Kin san hanyar Gadarif in laka ta kama ta. Wani lokaci farkon ciwon daji na bakin mahaifa ke nan, da wuri ake cin ƙarfinsa.

Akwai kuma tsoro. Mace mai 'ya'ya 7, ƙaramin yana goye, in ta juya maka baya, mai yiwuwa ba kai take gudu ba, ciki take gudu. Saduwa ba ta ɓata nono. Ku zo tare a nuna muku hanyoyin ba da tazarar haihuwa, ku zaɓa.

To a ce duk lafiyarku ƙalau. Saura abin da likita ba zai rubuta ba. Ta wuni ɗibar ruwa da tuƙa tuwo, ka yi mata tsawa a gaban baƙi da la'asar, sa'an nan da dare ka miƙa hannu ba ko magana. Jikin mace ba ya tashi da sauri kamar na namiji. Mata da yawa sai an yi hira da wasa an daɗe kafin sha'awar ta zo, yawancinsu kuma shiga kaɗai ba ta gamsar da su. In ka gama ka juya ka yi barci shekara 20, kada ka yi mamaki ta mai da abin kamar shara, aikin da ake yi don a huta. Kada kuma ka auna gidanka da cika-bakin majalisa, can kowa zaki ne. Babu adadin da aka yanka wa ma'aurata. Waɗanda suke saduwa jefi-jefi amma kowa ya gamsu sun fi masu yi kullum ɗaya na cije baki.

Na san wuri ma wahala ne. Bukka ɗaya, yara a ƙasa, tun yaƙin 2023 kuma gidaje da yawa a jihar Gadarif cike suke da dangin da suka gudo. Duk da haka ana iya tura yara ɗakin kakarsu dare ɗaya.

Kunya ta hana mu kiran sunan ɗan fari, to ina ga wannan magana? Kada ka tayar da ita a kan gado, kada kuma ka fara da zargi. Nemi lokacin da kuke ku biyu, ko kuna shan jabana, ka ce, "Uwar wane, akwai abin da ke yi miki zafi in mun kwanta?" Sai ka yi shiru. Wataƙila ranar farko ba za ta amsa ba, ka sake tambaya wani mako. In kun zo asibiti, ba sai ka fake da ciwon baya ba. Ce wa ma'aikaci, "Maganar gida ce," za a kai ku inda babu mai ji. Matarka tana iya neman mace ta duba ta. Ku taho da duk magungunan da kuke sha, har da na kasuwar.