Hancin da ke cikin salula da hancin da zai dawo gida



Makon jiya, muna gab da rufe shirin dare, wani wokal ya shigo mana. Wata ƙanwarmu ce, ta roƙi kada mu faɗi suna ko unguwa. Aurenta saura wata huɗu. Ta ce ta ga talla a TikTok, wani gidan likita a Istanbul na gyaran hanci a kan Yuro 2.500, har da otel da motar da za ta ɗauko mutum daga filin jirgi. Tana da ƴan awaki, tana da sarƙar zinariya da ta gada wurin uwarta, yayanta da ke Aljeriya ya ce zai cika sauran. Tambayarta guda ce: in ta tafi yanzu, hancin zai zauna daidai kafin ranar biki?

Amsar minti biyu muka ba ta, kuma ba ta gamsar da mu ba. Abin da ya fi ɓata mana rai shi ne kiran da ya biyo baya. Wani ya yi ta ƙyaƙyata dariya, wani ya ce hutu ne ya yi mata yawa, wani ya yanke mata hukuncin wuta nan take. Babu wanda ya amsa abin da ta tambaya. Shi ya sa muka zauna da wani lokotoro, muka karanta abin da za mu iya karantawa, muka dawo nan da amsa mai tsawo.

A gajarce, ƙanwarmu: a'a, ba zai zauna ba. Bayan aikin ana ɗaura wa hanci wani ɗan abin tallafi na kusan mako guda. Ƙasan ido yakan yi duhu ya kumbura, kamar wadda aka naushe ta, mako biyu ko fiye. Wannan shi ne kumburin da kowa ke gani. Akwai wani na ciki mai sauka a hankali, musamman a tsinin hanci, shi kuma shekara guda yake ɗauka. Ga mai kaurin fata yana iya kai shekara ɗaya da rabi. To ke nan a ranar bikinki hancin yana tsakiyar hanya ne, kuma ba abin mamaki ba ne tsininsa ya fi na yanzu ƙiba a hotunan da za ki ajiye har jikoki.

Sai kuɗi. Yuro ɗaya sefa 656 ne, saboda haka Yuro 2.500 ya kama miliyan 1 da jika 640. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun farkon 2024 jika 42 ne a wata. Ku lissafa da kanku: albashin wata 39 ne, shekara uku da ɗoriya. Ba a sa kuɗin jirgi ba, ba a sa fasfo da biza ba, ba a sa kuɗin mota daga nan zuwa Yamai ba, ba a sa na wanda zai raka ki ba. Kuma tun da Cominak ta rufe ranar 31 ga Maris 2021, kowa ya san yadda kuɗi ke wuyar shiga gidajen Akokan. Amma ba a nan muke son tsayawa ba, don mai awaki ita ta san abin da za ta yi da awakinta.

Inda muke son tsayawa shi ne wannan: wane hanci ne kike son gyarawa, na fuskarki ko na cikin salula? Ba wasa muke ba. A 2018 wasu masu bincike a Jami'ar Rutgers ta Amurka sun auna abin, suka gano cewa hoton da mutum ya ɗauki kansa daga tazarar santimita 30 yana ƙara wa hanci faɗi da kusan kashi 30 cikin 100, in aka gwada da wanda aka ɗauka daga mita ɗaya da rabi. Dalilin ba boyayye ba ne, hanci shi ya fi kusa da kyamara, abin da ya fi kusa kuwa shi ke fin girma. Wato salula ta fara yi miki ƙarya ta faɗaɗa hancin, sannan ki danna filta ta sake yi miki wata ƙaryar ta tsuke shi kamar biro. Tsakanin ƙarya biyun nan ne mutum ke yanke shawarar sayar da gadon uwarsa. Kafin komai, ba wata salularki, ta ja baya taku biyu ta ɗauke ki, ki duba wannan hoton da kyau. Shi ne abin da mutane ke gani.

Yanzu ga abin da masu talla ba su faɗa. Hanci kamar bukka yake: ƙashi da guringuntsi su ne itatuwan, fata ita ce rufin. Lokotoro itatuwan yake gyarawa, rufin kuwa naki ne, ba ya canza shi. Ɗauki butar shayi ki rufe ta da siririn mayafi, za ki ga bakinta da marfinta sarai. Rufe ta da bargon sanyi, sai dai ki ga tudu. Yawancinmu baƙaƙen fata muna da fata mai kauri a tsinin hanci, guringuntsin da ke ƙarƙashinta kuma mai laushi ne. Duk iyawar lokotoro, ba zai fitar da tsinin da ake gani a hoton wata ƴar Turkiyya ko ƴar Labanan daga ƙarƙashin wannan fatar ba. Hotunan "kafin" da "bayan" da ake turo mana, ku lura da kyau, nawa ne a cikinsu masu irin fuskarmu? Kuma nawa ne aka ɗauka bayan shekara guda, ba a kan gadon aiki ba?

Ƙari a kan haka, irin hancinmu sau da yawa ƙara masa ake yi, ba ragewa ba. Don a ɗaga karan hanci sai an samo abin da za a tokare shi. Ana yanko guringuntsi daga cikin hancin, ko daga kunne, in bai isa ba daga haƙarƙari, wanda ke nufin wani yanka da wani tabo a ƙirji. Wasu kan sa roba ta silikon don ta fi sauƙi da araha, amma tana iya karkacewa, tana iya ruɓar da wurin, har ta huda fata ta leƙo bayan shekaru. In za a rage faɗin ƙofofin hanci, a gefensu ake yanka, fatarmu kuma ta iya riƙe tabo. Wadda ta san in ta huda kunne wurin yakan yi tsiro, wajibi ne ta faɗa wa lokotoro tun kafin a taɓa ta.

Su kansu likitocin wannan fanni suna cewa yana cikin ayyukan gyaran jiki mafiya wuya. A rubuce-rubucensu, cikin mutum 100 da aka yi wa, tsakanin 5 zuwa 15 sukan koma a sake. Aiki na biyu ya fi na farko wuya da tsada, kuma sai an jira kamar shekara kafin a yi shi. Wa zai biya? Awakin an riga an sayar.

Sannan mu tuna inda muke zaune. Hanci ba ado kaɗai ba ne, shi ke tace iska, ya jiƙa ta, ya ɗumama ta kafin ta kai huhu. In aka tsuke shi fiye da kima hanyar iska kan ƙuntata, mutum ya koma numfashi ta baki. Mai zama a bakin teku zai iya haƙuri da haka. Mu fa? Mu da hunturu ke busar mana da hanci har ya yi haɓo, mu da guguwa ke rufe gari da rana tsaka, mu da ke kwana kusa da tulin dattin ma'adinai da ƙungiyar CRIIRAD ta Faransa ta ƙiyasta ya kai tan miliyan 20 a wajen Akokan? Ba mu ce hanci na tare gubar yuraniyom ba, kada a juya mana magana. Cewa muka yi wanda ke shaƙar ƙurar Arlit safe da yamma bai kamata ya yi ciniki da hanyar numfashinsa don hoto ba.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da lokotoron Istanbul ba zai tuna ya faɗa ba, don bai san rayuwarmu ba. Makonnin farko ba a face hanci, to yaya shaƙa ruwa a alwala? Yaya sujada? Sai an tambayi malam tun da wuri. Ba a ɗora tabarau a kan karan hanci har wata guda ko fiye. Ga maza, don su ma suna tambaya a ɓoye, mun sani, amawalin rawani daidai kan wurin aikin yake zama. Ana son a guji rana mai zafi na watanni, mu kuwa a ina za mu ɓuya mata?

Babban abin tsoro shi ne hanya. A ce an yi aiki lafiya, an cire tallafi bayan mako guda, an sa ki a jirgi. Daga Yamai zuwa Arlit wajen kilomita 1.200 ne, kuma wanda ya bi guntun Agadas zuwa nan ya san yadda mota ke jijjiga mutum har haƙora. Kin iso gida, a mako na uku wurin ya yi ja, ya fara ruwa, zazzaɓi ya taso. Wanda ya yi aikin yana wata nahiya, abin da kike da shi lambar WhatsApp ce ta wata mai karɓar baƙi. In a Gugaram kike, sai kin fara neman inda rezo ke kamawa. Wannan tambayar ita ya kamata a fara yi kafin ta farashi: in abu ya lalace, wa zai duba ni, a ina, cikin awa nawa?

Allurar cika hanci da ake cewa "ba yanka, minti goma", ita kam kai tsaye muke cewa a guje ta a hannun duk wanda ba likitan fannin ba. Jijiyoyin jinin hanci suna haɗe da na ido. In ruwan allurar ya shiga jijiya, fatar wurin na iya mutuwa, ido na iya makancewa. Abin da ya taɓa hanci, in ji Hausawa, ido ke ruwa. A nan maganar ba karin magana ba ce kawai.

Batun addini ba fagenmu ba ne, malamai na nan. Abin da muka sani shi ne sun bambanta gyaran lahani da sauya halitta. Akwai labarin sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya. Ya sa na azurfa ya yi masa wari, Annabi (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito shi. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na 2007 a Maleshiya, ta halatta aikin da zai gyara lahani ko ya maido da amfanin gaɓa, ta hana wanda ake yi wa lafiyayyar halitta don son rai ko kwaikwayon wasu. Saboda haka wanda hatsarin babur ya karya wa hanci, ko wanda ƙashin tsakiya ya karkace ba ya iya numfashi, maganarsa daban ce, ya je a duba shi ba tare da jin kunya ba. Haka yaran da zaizayar baki ta cinye wa leɓe da hanci, cutar da likitoci ke kira noma. Ƙungiyar Sentinelles na kula da su a Damagaram tun farkon shekarun 1990, a Sakkwato akwai asibiti sukutum dominsu tun 1999. Ga su, aikin hanci shi ne bambancin fita kasuwa da ɓuya a ɗaki.

To amma mu da muka yi wa ƙanwarmu dariya, wa ya koya mata ƙin hancinta? Ba TikTok ba ne ya fara. Tun tana cikin zanen goyo tsofaffi ke gasa hannu suna ja mata hanci wai ya yi tsawo. A gidan biki in ana yabon amarya, "hanci har baka" ake cewa. A wannan jiha tamu da Buzaye da Hausawa da Fulani da Tubawa da Larabawa ke cin kasuwa ɗaya, mun san sarai cewa ana duban hancin mutum a yi masa lissafin asali, a ce wannan ɗan gida ne, wancan kuwa a yi shiru a taɓe baki. Ƙasar nan ta mai da bauta laifi a dokarta tun 2003, ƙungiyar Timidria ta sha faɗa a kai, amma har yau akwai auren da ke mutuwa a wurin bincike saboda irin wannan kallo. Da muka sake kiran ƙanwar tamu, ai daga nan maganar ta fito. Wata daga dangin ango ce ta dubi hotonta ta yi wata magana a kan hancin, maganar ta dawo kunnenta. Angon bai ce komai ba, bai ma san ana yi ba.

Wannan shi ne abin da wuƙar lokotoro ba ta kai wa. Wadda ta yi maganar, in an dawo da sabon hanci, cewa za ta yi na saye ne. Likitoci ma sun san haka: wani bincike da aka yi a Beljiyam a 2011 ya nuna kusan kashi ɗaya cikin uku na masu neman gyaran hanci suna da alamun wata damuwa da ke sa mutum ganin aibin da wasu ba su gani, kuma irinsu aiki ba kasafai yake kwantar musu da hankali ba. Shi ya sa lokotoron kirki yakan tambayi dalili kafin ya tambayi kuɗi, wani lokaci ya ce a'a. Wanda ya karɓi hotonki ta WhatsApp ya ce "ba matsala" cikin minti biyar, ɗan kasuwa ne.

Ƙanwar tamu ta ce za ta dakata har bayan biki, kuma za ta gaya wa angon abin da aka faɗa. Sarƙar tana nan. Ko za ta sake tada maganar baɗi, wannan nata ne, ba mu sa ta rantsuwa ba.

A shirin mako mai zuwa za mu buɗe layi a kan kalmomin da muke yabon amare da su da waɗanda muke zagin yara da su. Muna son jin iyaye mata musamman. Mutanen Gugaram da ƙauyukan da rezo ke wahala, ku turo wokal tun da wuri, za mu sa su ba tare da suna ba.