Kafin ka tattara kayanka ka koma Goronyo noma

1/ Kwana biyu ina ta ganin maganar nan: matashi ya gama karatu, aiki babu, ya ce shi ƙauye zai koma ya kafa gida da gona. Wallahi tunani ne mai kyau. Sai dai yawancinmu daga ƙarshe muke fara lissafin. Zaren nan a kan yankinmu ne: Goronyo, Wurno da Rabah. 🧵

2/ Matsayata a taƙaice: shekarar farko kada ka sayi fili, kada ka aza tubali ko ɗaya. Karɓi aron gona ko haya, ka kama ɗaki cikin mutane, ka ga damina guda da rani guda da idonka. Bayan nan sai a yi zancen gini.

3/ Dalili na farko ruwa ne. Daminarmu gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba an gama. Abin da ke riƙe yankin shi ne fadamar gulbin Rima da dam ɗin Goronyo da aka kammala a 1984. Shinkafa, albasa, tafarnuwa, duk a kansa suke.

4/ Amma ruwan nan fuska biyu gare shi. A Satumbar 2010 ambaliya ta cinye ƙauyuka da gonaki, har ta yanke hanyar shiga jami'ar Danfodiyo a Sakkwato. A 2018 kuma ruwan dam ɗin ya ja baya zuwa kusan kashi 10 cikin 100.

5/ To kai da ka zo a watan Maris ka ga fili shimfiɗe, ƙasa baƙa mai kyau, kuɗinsa da sauƙi, ka san inda ruwa ke kwanciya a Agusta? Mai sayarwa ba lallai ya gaya maka ba. Tsohon da ke noma gefen filin ya sani, amma sai ya saba da kai zai faɗa.

6/ Na biyu, takarda. Gonaki da yawa a nan na gado ne da ba a raba ba. Mutum ɗaya zai sayar maka, baɗi ƙannensa uku su taso. Ciniki sai gaban hakimi da mai unguwa, da shaidu, da maƙwabtan iyaka ta kowane ɓangare. Wanda ya ce a yi shi a ɓoye don sauri, gudu malam.

7/ Na uku, kuɗi. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, injin ban ruwa ya zama shi ne babban mai cin jari. Ga iri, ga taki, ga 'yan ƙwadago lokacin dashe. In ka zuba kuɗinka a bulo da kwano, da me za ka shayar da albasar?

8/ Ita albasar ma ba a cirewa ake samun kuɗinta ba. Lokacin kowa ke kai tasa kasuwa, farashi ya faɗi warwas. Mai riba shi ne wanda ya iya ajiya a rudu har ta yi daraja, ya kuma san yadda ake tsince ruɓaɓɓu. Wannan ba a koyonsa a YouTube.

9/ Na huɗu shi ne mai ɗaci: tsaro. A Oktoban 2021 'yan bindiga sun shiga kasuwar Goronyo suka kashe fiye da mutum 40. Allah Ya gafarta musu. Gidan gona shi kaɗai tsakar daji, irin na bidiyon Amurka, a nan tarko ne. Wace hanya ake bi, ƙarfe nawa ake barin gona, 'yan gari kaɗai suka sani.

10/ Ko tarihi haka ya nuna. Da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya zauna Wurno, ribaɗi ya kafa: jama'a a dunƙule wuri guda, gonaki kewaye da su. Can ya rasu a 1837, can kabarinsa yake.

11/ Na san wani zai ce, ai fili kullum tsada yake ƙarawa, in na jira na yi asara. Gaskiya ne zai iya tashi. Amma kuɗin hayar shekara guda ya fi sauƙi a kan filin da ke zama tafki, ko wanda za ka yi shekara uku kana zaryar kotu a kansa.

12/ A wannan shekarar ga aikinka: je ka gaida hakimi da liman ranar da ka sauka. Halarci suna da jana'iza. Nemi manomi dattijo ka bi shi gona. Fara da ɗan yanki da tumaki biyu. Ajiye digirin a jaka, sai an tambaya. Da ɗan gari akan ci gari.

13/ 'Yan Goronyo, Wurno da Rabah da ke nan, nawa ake hayar fadama a wajenku bana? Ku ajiye mana a ƙasa, akwai masu shirin tasowa bayan jarabawa.