Raddi Ga Masu Cewa Idan Uba Ya Yarda A Bar Yaro Ya Yi Tatu

Wata magana ta fara samun gindin zama a bakin wasu da ke kiran kansu masu tarbiyyar zamani. Cewa suke yi idan yaro ɗan shekara 15 ko 16 ya nuna sha'awar zanen tatu, wato zanen da ake cusa tawada cikin fata da allura, to uban kirki shi ne wanda zai kama hannunsa ya kai shi shago mai tsafta, ya biya kuɗin. Manyan hujjojinsu ba su wuce biyar ba: jikin yaron ne kuma iyaye sun amince, kakanninmu ma sun yi zane da jarfa, kayan aikin yanzu ba su da haɗari, in ya gaji da shi za a goge, in an hana shi zai yi a ɓoye. Zan bi su ɗaya bayan ɗaya, in ba kowace haƙƙinta, duk da cewa wasu daga ciki ba su cancanci tawadar da za a ɓata a kansu ba.

Ta farko ita ce ginshiƙin maganar tasu, kuma ita ce mafi rauni. Sun haɗa abu biyu da suke karo da juna suka yi musu ɗauri guda. Idan jikin yaron ne har yana da ikon yanke hukunci a kansa, me ya kawo sa hannun uba? Idan kuwa sai uba ya sa hannu, ai sun yarda ke nan cewa hankalin yaron bai kai ba. To tambayar da ta rage ita ce: shin uba yana da ikon bayar da abin da yaron da kansa bai isa ya bayar ba?

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da warware irin wannan a babin dukiya. Aya ta 6 a Suratun Nisa'i ta umarci masu riƙon marayu su riƙa jarraba su, kada su miƙa musu dukiyarsu sai sun balaga kuma an ga shiriya a tattare da su. Daga nan aka gina ƙa'idar cewa waliyyi ba ya taɓa dukiyar yaro sai da abin da yake maslaha ce ga yaron. Uba ba shi da ikon ɗaukar gonar da ɗansa ya gada daga uwarsa ya yi kyauta da ita don kawai yaron ya ce ya yarda. To gona ke nan, wadda ake iya sayen wata. Ina ga fatar da mutum zai kwana da ita, ya tashi da ita, ya je neman aure da ita, a yi masa wankan gawa da ita? Wace maslaha ce a cikin hoton zaki ko sunan mawaƙi a damtsen ɗan aji huɗu na sakandare?

Ga Musulmi kuwa batun ya fi haka nauyi. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar da Abdullahi ɗan Mas'ud cewa an la'anci mai yi wa wani irin wannan zane da mai neman a yi masa, kuma a kan haka jumhurun malamai suka haramta shi ga babba da yaro. Imamu Nawawi, a sharhinsa na Sahihu Muslim, ya taɓo daidai matsalar da muke ciki: ya bayyana cewa idan aka yi wa yarinya ƙarama, zunubin yana kan wadda ta yi mata, ita yarinyar ba ta da laifi saboda hukunci bai hau kanta ba tukuna. Ashe sa hannun babba ba ya wanke aikin, sai dai ya ɗebo nauyin ya ɗora a wuyansa. 'Yan uwanmu Kirista ma suna da hani a kan yanka jiki da zana shi a Littafin Firistoci, sura ta 19, aya ta 28.

Masu wannan ra'ayi suna son buga misali da Turai, to mu je can. Ingila ta kafa doka tun 1969 wadda ta haramta yi wa duk wanda bai kai shekara 18 ba tatu, ko da uwarsa da ubansa sun tsaya a kansa, sai dai idan likita ne ya yi don dalilin magani. A Amurka, jihohin Kalifoniya da New York haka dokarsu take, takardar iyaye ba ta aiki. Gaskiya ne akwai jihohi irin su Fulorida da suka ba ɗan shekara 16 dama idan iyaye suka sa hannu a gaban jami'in shaida, ban ɓoye wannan ba. Amma me ya sa ake kawo mana Fulorida a manta da Ingila? A nan gida kuma, Dokar Haƙƙin Yara ta Najeriya ta 2003, a sashe na 24, ta hana kowa ya yi wa yaro tatu ko zanen fata, ko ya sa a yi masa, yaro kuwa a wannan doka shi ne wanda bai kai 18 ba. Hukuncin tara ce da ba ta wuce naira 5,000 ba, ko ɗaurin da bai wuce wata guda ba, ko duka biyun. Tarar ta yi kaɗan, amma ku lura cewa dokar ta haɗa har da wanda ya sa a yi. Uban da ya kai ɗansa shago, a duk inda wannan doka take aiki, shi ma mai laifi ne. Abin takaici ne mutum ya hau mumbarin nasiha ga iyaye bai buɗe wannan sashe ba.

Kuma ba don raini aka sa iyakar shekaru ba. Masana ƙwaƙwalwa sun nuna cewa sashenta na gaba, mai auna sakamako da taka wa zuciya birki, ba ya gama nuna sai wajen tsakiyar shekarun ashirin. Duk mai ɗa matashi a gida ya san wannan ba sai an faɗa masa ba: wanda bara yake kuka a kan wata ƙungiyar ƙwallo bana ya koma wata, askin da ya yi rigima a kansa da ƙaramar sallah kafin babbar sallah ya tsane shi. Cibiyar bincike ta Pew ta samu a 2023 cewa kashi 32 cikin ɗari na manyan Amurkawa suna da tatu, kuma kashi 24 cikin ɗari na masu shi suna nadamar aƙalla ɗaya daga cikin zanen da ke jikinsu. Kusan mutum guda cikin huɗu ke nan, a ƙasar da abin ya zama ruwan dare.

Hujja ta biyu ita ce gado. Suna cewa ai Bagobiri da Bakabe da Bazamfare da zanensu aka san su, mata kuma sun yi jarfa a fuska da wuya don ado. Haka ne, ba mai musu, kuma ba na ƙasƙantar da fuskar kowane dattijo. Amma a tambayi me ya sa aka yi. A zamanin yaƙe-yaƙe da harin bayi, zane shi ne shaidar mutum: in an sace yaro ko ya ɓata, fuskarsa ce za ta faɗi garinsu da danginsu. Wanzami yakan zo da zabirarsa a makon haihuwa, ya zare aska, ya tsaga kuncin jariri, ya shafa baƙi a kan tsagar, jini na zuba uwa na kau da kai. Jama'a suna ganin larura ce ta sa suke jure wannan. Da larurar ta kau, su waye suka daina? Iyayenmu ne da kansu. Ku shiga kowace makarantar firamare a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi ku duba fuskokin yara, sannan ku duba na kakanninsu da ke zuwa ɗaukar su. Mutanen da ke ɗauke da bille da kalangu a kumatunsu su ne suka ce ba za a yi wa jikokinsu ba, saboda wa'azin malamai, da gargaɗin likitoci, da sanin da suka yi cewa abu ne da aka yi musu ba tare da an tambaye su ba. Wanda ya kawo zanen gado don ya kare tatu ga yara ya kira shaidar da za ta kayar da shi. Sannan ina haɗin alamar dangi da hoton da yaro ya gani a hannun Neymar jiya da daddare?

Ta uku, wai shago mai tsafta ba shi da haɗari. Injin tatu yana huda fata sau ɗaruruwa zuwa dubbai a minti guda, yana ajiye tawada a fatar ciki, zurfin milimita ɗaya zuwa biyu. Kowace huda ƙofa ce ga jini. Babban binciken da aka yi a Najeriya a 2018 ya nuna kimanin kashi 8 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ciwon hanta nau'in B, ƙwayar cutar kuma tana iya rayuwa a wajen jiki aƙalla kwana bakwai. Wa yake duba shagunan da ke lungunan biranenmu? Wa ya ga tukunyar da suke dafa kayan aikinsu? A ce ma allurar sabuwa ce fil, saura tawadar. A ƙarshen 2011 mutum 19 a Rochester ta jihar New York suka kamu da cutar fata, da aka bi diddigi sai aka tarar tawadar ce ta zo da ƙwayar cuta tun daga inda aka haɗa ta, mai shagon bai yi sakaci ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ba ta amince da ko launi ɗaya don a cusa shi cikin fata ba. Tarayyar Turai kuma a Janairun 2022 ta taƙaita amfani da sinadarai sama da 4,000 a tawadar tatu. Tawadar ma ba ta zama inda aka sa ta, wani ɓangarenta yana bin jiki ya taru a kaluluwa. Ga kuma abin da ya shafe mu kai tsaye: baƙar fata ta fi saurin yin tabon nan mai tasowa ya yi tudu, yana ƙaiƙayi yana girma, wanda ko an yanke shi yakan dawo. Yaron da ya je neman ado yana iya komawa gida da wannan.

Ta huɗu, wai za a goge. Masu faɗar haka ba su taɓa tambayar yadda ake yi ba. Hasken leza ne ake harba wa fata ya farfasa tawadar, ana zuwa sau da yawa, makonni tsakanin kowane zuwa, abin yakan ci shekara ko fiye. Da zafi, da kuɗin da ya ninka na zanen sau da yawa, kuma kore da rawaya suna da taurin kai. A baƙar fata hasken yakan taɓa launin jikin kansa, ya bar fari-fari ko duhu a wurin. Asibitoci nawa ne ma suke da na'urar a garuruwanmu? Rigakafi ya fi magani, balle maganin da ba ya warkarwa duka.

Ta biyar, wai in ka hana zai yi a ɓoye. Da wannan ma'auni sai a saya masa sigari da kodin, tunda su ma a ɓoye ake shan su. Tarbiyya ba ta taɓa zama miƙa wuya ga barazanar yaro ba.

Sukan ƙara da cewa ai ana yi wa yara hujin kunne da lalle. Hujin kunne ɗigo ne da yakan toshe in an bar shi, lalle kuma mako biyu zuwa uku ya tafi. Ko a lallen ma sai an yi hattara da baƙin da ake haɗawa da dayis, don sinadarin da ke cikinsa yana ƙona fatar wasu.

Akwai kuma abin da ba su ambata ba ko kaɗan. Sanarwar ɗaukar hafsoshi a rundunar sojan Najeriya takan sharɗanta cewa kada mai nema ya kasance da tatu a jikinsa. A zanga-zangar 2020 kan rundunar 'yan sanda ta SARS, ɗaya daga cikin koken matasa shi ne yadda ake tare mai tatu a hanya a ɗauke shi ɗan damfara ko ɗan ƙungiyar asiri. Wannan zalunci ne, amma yana faruwa, kuma ɗanka ne zai tsaya a shingen, ba mai ba ka shawara ba.

Ya ku iyaye, idan ɗanku ya zo da wannan buƙata kada ku kai masa duka, kada kuma ku kai shi shago. Ku zaunar da shi, ku ji me ya ja hankalinsa, ku gaya masa hukuncin addini da na doka da na likita, ku yi masa allurar rigakafin ciwon hanta in ba a yi masa ba. In zane yake so, ku saya masa takarda da fenti, ku nema masa mai koya masa. Amsarku dai ta zama a'a, a fili ba tare da kwana-kwana ba. Fushin matashi na 'yan kwanaki ne, amma amanar jikinsa Allah zai tambaye ku a kanta. Ku riƙe ta da kyau har ranar da zai iya riƙe ta da kansa.